Bangaskiya da Allurar Rigakafin Mura

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7

Sarki Hezekiya ya kwanta ciwo har ya kai bakin mutuwa. Ya yi addu'a da hawaye, Ubangiji kuwa ya ji shi, ya ƙara masa shekara 15. Amma lura da abin da ya biyo baya. Annabi Ishaya ya sa aka kirɓa ɓaure aka ɗora a kan marurun. Allah ne ya warkar da shi, duk da haka bai hana a sa magani ba.

Waɗansu 'yan'uwa suna cewa wanda ya karɓi allurar rigakafi bangaskiyarsa ta raunana. Ba haka Littafi Mai Tsarki ya koya mana ba.

In sanyin hunturu ya shigo, akwai wata mura mai zuwa da zazzaɓi mai zafi, da tari, da ciwon jiki, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Kada ka rena ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa takan kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Ƙwayar cutar takan sāke kama, shi ya sa ake sabunta allurar kowace shekara. Bayan an yi maka, jiki yakan ɗauki kamar mako 2 kafin ya sami kariya. Allurar ba ta sa mura. Ko ta kama ka daga baya, sau da yawa takan zo da sauƙi.

Wataƙila ka ce, ai ni da ƙarfina. To, dubi waɗanda kuke zama tare a benci ɗaya ranar Lahadi: tsohuwa, mace mai juna biyu, yaro ƙarami, mai ciwon sukari ko fuka. Tarin da zai kwantar da kai kwana uku yana iya kai su kabari. Kāre su ma ƙaunar maƙwabci ce.

Saboda haka, ɗan'uwana, 'yar'uwata, je gidan likita ka tambaya ko akwai allurar. In akwai, ka karɓa, ka kuma raka tsofaffin gidanku. In babu, ka riƙa wanke hannu da sabulu, ka rufe baki in za ka yi tari.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai warkarwa. Mun gode maka domin hikimar da ka ba likitoci. Ka tsare raunanan cikinmu, cikin sunan Yesu. Amin.