Ciwon Damuwa Tsakanin Haƙuri da Neman Magani

Ciwon damuwa cuta ce da ke danne zuciya na tsawon mako biyu ko fiye. Tana raba mutum da barci da cin abinci da sha'awar abin da ya saba so, wani lokaci har ya ji rayuwar ta ishe shi. A yammacin Zamfara ba a rasa abin da ke tayar da ita ba. A 2010 gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Daga baya 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, 'yan gudun hijira suka cika garin Anka, ambaliyar 2024 kuma ta rushe gidaje a Gummi.

Uwar da ta binne 'ya'yanta, abin da take ji daga masu gaisuwa shi ne ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Maganar gaskiya ce. Matsalar tana zuwa ne idan watanni suka shige ba ta farfaɗo ba, a fara cewa imaninta ne ya yi rauni, ko kuma aljanu ne ko sammu.

Wannan hukunci ba shi da madogara mai ƙarfi. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya taɓa masa gani, kuma bai fita daga sahun masu haƙuri ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki mai sananniyar sila da wanda ke saukowa ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake, sai an haɗa da magani. Haƙuri shi ne kada bawa ya yi fushi da hukuncin Ubangiji, bai taɓa nufin barin cuta ta ci mutum ba.

Addu'a da karatun Alƙur'ani da zama cikin dangi suna sanyaya zuciya, kuma likita mai hankali ba ya hana su. Damuwa mai sauƙi takan lafa da tattaunawa da ma'aikacin lafiya da ya ƙware, tare da komawa sana'a sannu a hankali. Mai tsanani tana buƙatar ƙwaya irin amitriptyline ko fluoxetine, wadda takan ɗauki makonni kafin a ga amfaninta, a ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Duka da ɗaure mara lafiya da sunan fitar da aljani zalunci ne. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato ya yi wa talakan Bukkuyum nisa, ga hanya ba tsaro. Irin wannan nisa ne ya sa shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka fara a 2008, ya karkata ga horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane cutar su fara maganinta a kusa da gida.