Toka a Teku: Hakkin Wa Ne Kabari?

A Danmak, inda aka halatta ƙona gawa tun 1892, fiye da kashi 80 cikin ɗari na matattu yanzu ƙona su ake yi. Doka ta yarda a watsa tokar, amma a tsakiyar teku kawai, kuma sai in mamacin ya nuna haka yake so tun yana raye. Norwe ta buɗe wannan ƙofa a 1997, da izinin wakilin gwamnati na lardi, a teku ko kan duwatsu nesa da gidajen jama'a. Dokokin biyu sun ɗora komai a kan nufin mamaci, kuma a nan nake ganin sun yi tuntuɓe.

Musulunci bai yarda da ƙona gawa ba sam, Cocin Katolika kuma ya hana watsa toka a 2016. Amma ko a ajiye hukuncin addini, tambaya tana nan: wa kabari yake yi wa aiki? Mamaci ya gama da duniya. Matarsa da 'ya'yansa ne ke bukatar wurin da za su tsaya, su yi addu'a, su nuna wa jika. A jana'izar cocin Luther na ƙasashen biyu, fasto yakan zuba ƙasa sau uku a kan akwatin gawa, a idon dangi, kowa ya shaida an miƙa amana. Wanda ya yi wasiyya a watsa tokarsa a teku ya yi kyauta da abin da ba nasa kaɗai ba.

Za a ce Mai iko bai rasa yadda zai tara abin da iska ta kwashe. Gaskiya ne, wanda ya nutse a ruwa ma zai tashi, don haka ban kafa hujjata a kan tashin ƙiyama ba. Suka mafi nauyi ita ce kabarin ma can ba na har abada ba ne: bayan shekara 20 ana iya sake binne wani a gurbin, in dangi ba su sabunta ba. To amma shekara 20 ta isa maraya ya girma, gwauruwa ta saba da kaɗaici, kuma ranar sakin wurin tana hannun masu makokin. Watsa toka yana ƙwace musu wannan zaɓi tun ranar farko, alhali dokar da ta nemi yardar mamaci ba ta sa tasu a sharaɗi ba.