Ta Yi Shahada, Amma Wa Ke da Alhaki?



Akwai wata magana da ake yawan ji a zauren makoki idan mace ta rasu wajen haihuwa. Masu ta'aziyya sukan ce wa mijin, "Malam, sai haƙuri, ai ta yi shahada." Maganar kuwa gaskiya ce, domin ya zo a hadisi cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa macen da ta rasu a kan ciki cikin shahidai, tare da wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya rufta wa, da wanda gobara ta halaka. To, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba saboda nauyin baki, watau shin wannan daraja da mamaciyar ta samu tana ɗauke alhaki daga wuyan wanda ya iya cetonta ya yi sakaci?

Ga irin abin da ke faruwa, wanda ba baƙo ba ne a ƙauye ko a birni. Yarinya mai cikin fari ta fara naƙuda bayan sallar isha'i, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, sai da asuba aka gane halin da take ciki. Aka kira ungozoma, aka ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, har rana ta faɗi ba ta sauka ba. Wata maƙwabciya ta ce wa uwar mijin, "Inna, da dai an kai yarinyar nan asibiti." Tsohuwa ta ce, "Mai gidan ya tafi cin kasuwa, wa zai fitar masa da mata ba da izininsa ba?" Da aka same shi ta waya sai ya ce a ɗan ƙara jira, ai uwarsa ta haifi goma a ɗaki. A kwana na biyu aka shiga neman mota da rancen kuɗi, ana isa asibiti aka ce ɗan ya riga ya mutu a ciki, uwar kuma ta bi shi kafin a samo jini. A cikin mutanen nan babu wanda ya ƙi ta, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Kowa jira ya yi, jiran kuwa shi ya cinye lokacin da za a cece ta.

Wannan masifa ba ƙarama ba ce. A ƙididdigar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2023, an ƙiyasta cewa mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya cikin shekarar 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da mace 200 kowace rana, kuma fiye da rubu'in dukan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya. Sanin dalili kuwa ba yau aka fara shi ba. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya, suka tarar mutuwa ta fi yawa ƙwarai cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya ɓaci. Abubuwan da ke kashe matan sanannu ne: zubar jini, da jijjiga wadda hawan jini ke jawowa, da doguwar naƙuda, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Zubar jini bayan an sauka tana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda kuma sau da yawa takan tashi da yoyon fitsari, domin kan ɗan ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje. Matan da ke jiran ɗinki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina shaida ne a kan haka.

To, me shari'a ta ce game da wanda ya bar mutum ya halaka alhali yana da ikon ceto? Wanda ruwa ya ci shahidi ne, amma babu malamin da ya taɓa cewa mutumin da ke tsaye a bakin gulbi da igiya a hannu, ya ƙi jefawa, ya yi wa mamacin alheri tun da ya sa ya sami shahada. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda almajiran fiƙihu ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, an bayyana cewa lamuni yana hawa kan wanda ya iya kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya bari. An ba da misali da wanda ke da zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki ya hana, da wanda ke da rarar abinci ko ruwa ya hana wanda ya matsu. Yanke hukunci a kan mutum ɗaya aikin alƙali ne, amma asalin maganar a fili yake: bari ma aiki ne da ake tambayar bawa a kansa. Idan hana zare ga baƙo yana jawo lamuni, ina ga hana izini da kuɗin mota ga matar da aka karɓo daga hannun iyayenta bisa amana? Saboda haka darajar shahada tata ce, rahama ce daga Ubangijinta, hisabi kuma yana nan yana jiran mai sakaci.

Wani zai ce ai kwana ne ya ƙare, ko an kai ta asibiti sai ta mutu. Lalle babu mai rai da zai wuce ajalinsa, wannan kuwa yana cikin imani. Amma ajali ɓoyayye ne, bawa bai san shi ba sai bayan ya auku, abin da aka ɗora masa kuwa shi ne riƙon sababi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Abin mamaki ma, mutumin da ke kafa hujja da ƙaddara a kan matarsa ba ya yin haka a kan sansa. Idan saniya ta kasa haihuwa da tsakar dare, ba ya jiran gari ya waye kafin ya nemo wanda ya san aiki.

Wani kuma, mai ɗan karatu, zai ce malamai ba su sanya kuɗin magani cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. An faɗi haka a littattafan mazhaba, amma mai wannan hujja ya ƙarasa karanta babin. A nan ne aka ɗora wa miji ladan ungozoma, aka kuma ce a ƙara wa mai shayarwa abincin da zai ba ta ƙarfi. Dalili kuwa shi ne cikin nasa ne, ɗan nasa ne. Ungozomar da ake nufi ita ce wadda za ta fitar da uwa da ɗa lafiya, idan kuwa aikin ya fi ƙarfin ta gida, ladan ya koma ga ta asibiti. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ci da tufafin mai shayar da ɗansa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo domin tsare su.

Saura maganar kunya da kishi. Kunya ado ce ga Musulmi, tsare mutuncin iyali kuwa abin yabo ne. Amma malamai sun halatta likita namiji ya duba mace gwargwadon bukata idan babu macen da za ta iya, domin larura tana da hukuncinta. Kunyar da za ta sa yarinya ta ɓoye zubar jini, ko ta sa uba ya kasa tambayar lafiyar 'yarsa da ta zo goyon ciki, ta wuce inda addini ya ajiye ta. Haka nan izinin miji an sanya shi ne domin tsarin gida da kiyaye mace, bai kamata a mayar da shi ƙofar da za a kulle ta a ciki har ta mutu ba. Wanda kuma ba ya son namiji ya duba matarsa, hanya mafi kusa gare shi ita ce ya bar 'yarsa ta yi karatun ungozoma da jinya.

Abin da ya kamaci magidanci ba shi da wuyar ganewa. Ya bar matarsa ta riƙa zuwa awo tun cikin yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2016, ta ce a je aƙalla sau 8 kafin haihuwa, domin a wurin awo ake gane hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar ɗa, a ba da maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro da allurar rigakafi. Tun cikin bai tsufa ba ya ware kuɗi ko kaɗan-kaɗan, ya yi magana da mai mota, ya san 'yan'uwan da za su ba da jini. Sa'an nan ya tara mutanen gida ya faɗa a gabansu cewa ya ba da izini, ko yana nan ko ba ya nan, dare ko rana. Kowa a gidan ya san alamun da ba a jira a kansu: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ɗa ya daina motsi, naƙuda ta wuce awa 12, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa.

Amanar ba ta ƙarewa da jin kukan jariri. Kwanakin farko su ne mafi haɗari ga uwa da ɗa. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kada a zubar da dakashi, domin shi ne garkuwarsa ta farko daga cuta, a kuma ci gaba da nono zalla har wata 6. A yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka ko wani abu in ba maganin da asibiti ya bayar ba. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko idonsa ya yi rawaya, ba ya jiran ranar suna. Likitocin Zariya kuma tun shekarun 1970 suka lura cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda haka sassauci a nan ya fi.

Ba magidanci kaɗai ke da wannan nauyi ba. Akwai talakan da ya ɗauki matarsa tun da wuri ya tarar da ɗakin haihuwa a rufe, ko babu wuta, ko aka ce sai ya biya kafin a taɓa ta. Alhakin wannan yana kan mai mulkin da aka danƙa wa dukiyar jama'a, da ma'aikacin da ya bar wurin aikinsa, da ma'aikaciyar jinyar da tsawarta ke sa mata su gwammace haihuwa a ɗaki. Maƙwabcin da ke da mota ya ji sallama da dare ya yi shiru, shi ma ya tuna da mai igiya a bakin gulbi. Amma wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah kuma Ya karɓi abinSa, kada ya azabtar da zuciyarsa, domin Allah ba Ya tambayar bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan ne maganar shahada ke zame wa sanyi na gaskiya. Wanda kuma ya san ya yi sakaci a baya, ƙofar tuba a buɗe take, alamar tubarsa kuwa ita ce kada a sake irinsa a gidansa.

Ya kamata limamai da masu wa'azi su riƙa faɗin wannan a masallatai, inda mazan da ke riƙe da izini suke taruwa sau biyar a yini. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa Musulunci, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.