Tsuntsayen Birni: A Harbe Su Ko A Bar Su?

Wanda ya bi ta mayankar Oko-Oba a Agege da sassafe zai tarar balbelu sun riga mahauta fitowa. Suna jere a bakin magudanar da jini da ƙazantar ciki ke bi, farinsu ya dushe, shirwa kuma tana shawagi a sama tana jiran a juya baya. A Idumota, inda 'yan kasuwa da 'yan dako ke cunkushe tun safe har dare, tattabaru ne ke ɓata rufi da kayan da aka baza. Kowane mai rumfa yana da nasa ƙorafi, ƙorafin kuwa yakan ƙare da magana guda: me zai hana a harbe su a huta?

Ba Legas kaɗai ake wannan tambaya ba. A biranen Amurka da Kanada dinyar daji ce ta zama alaƙaƙai. Tana cinye ciyawar filayen shaƙatawa, tana cika su da kashi, takan kuma kai wa mutum sara idan ya matso kusa da sheƙarta. Ranar 15 ga Janairu, 2009, wani jirgin US Airways da ya tashi daga Niyok ya yi karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson. Dukan mutum 155 da ke ciki sun tsira. Daga nan hukuma ta shiga kama dinya tana kashewa a kewayen filayen jiragen birnin, har a 2010 aka kwashe wajen 400 daga wani lambu a Buruklin aka hallaka su. Jama'a suka rabu biyu, waɗansu na cewa an kyauta, waɗansu na cewa an yi zalunci.

Mai bi ba zai iya tsayawa tare da masu cewa kada a taɓa tsuntsu ko ta halin ƙaƙa ba. A Farawa sura 9 Allah ya ba Nuhu da zuriyarsa nama domin abinci, Ubangiji Yesu kuma, sa'ad da yake nuna yadda Uba yake kula da 'yan tsuntsaye, ya bayyana cewa darajar mutum ta fi tasu. Idan aka ɗora ran mutum 155 a sikeli ɗaya da garken dinya, babu gardama. Manomin shinkafa a Kebbi ko Jigawa wanda jan baki ya sauka a gonarsa ana saura mako biyu girbi, shi ma ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya kare abincin 'ya'yansa.

Amma fa akwai wani abu a labarin Niyok da ya kamata a tsaya a kansa. Masana na cibiyar Smithsonian sun binciki gashin da aka ciro daga injinan jirgin, suka gano cewa dinyoyin baƙi ne masu ƙaura daga arewacin Kanada. Waɗanda ake kamawa a lambunan birni kuwa galibi mazauna ne, a can aka ƙyanƙyashe su. Wato mai laifi ya wuce, aka kama na kusa. Haka fushin ɗan Adam yake, ba ya neman wanda ya yi ɓarna, wanda hannu zai iya kaiwa yake nema. Ƙari a kan haka, babbar dinyar nan an taɓa zaton ta ƙare a duniya, sai a 1962 aka sake ganin ragowarta a jihar Minesota. Mutane ne suka kiwata ta, suka sake ta, suka shimfiɗa mata gajeriyar ciyawa da tafkuna inda babu mai farautarta. Da ta yi yawa, aka ce ta zama annoba.

Bahaushe ya riga ya yanke irin wannan shari'a: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Balbela ba ta baro bayan shanu ta shigo Agege domin sha'awar hayaniya ba. Jinin da aka bari yana malala, da sharar da ta kwana uku ba a kwashe ba, su suka aika mata da goron gayyata. A harbe ɗari yau, gobe ɗari za su maye gurbinsu, gama abincin yana nan. Wanda ya ƙi rufe magudanarsa, sa'an nan ya nemi izinin kashe abin da ya zo ci a ciki, yana so ne wata halitta ta biya bashin ƙyuyarsa.

A nan ne ya dace a tuna da ungulu. Dattawa ba su manta ba, da can babu mayanka a Kano ko Zariya ko Sakkwato da ba a ganin ungulaye sun yi layi a kan katanga. An raina ta, an yi mata karin magana, an jefe ta da dutse. Daga baya aka shiga kama ta ana sayar da kanta da gashinta ga masu tsibbu, waɗansu kuma guba ta cinye su. A 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta sa wannan ungulu ta gari cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Yau yaro yakan girma a birni bai taɓa ganinta ba sai a hoto. Ba wata hukuma da ta zauna ta ce a ƙarar da ita. Kowa ne ya ɗauka cewa ɗayan da ya kashe ba komai ba ne.

Indiya ta ɗanɗana abin da ke biyo baya. Daga shekarun 1990, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayen ƙasar kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita, ruwa ya gurɓata. Wani nazari da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 cikin shekara biyar. Ashe wadda ake ƙyama ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta taɓa karɓar albashi ba.

Dokar Musa ta san wannan haɗari. A Kubawar Shari'a 22:6-7 an yarda wa wanda ya iske sheƙa a hanya ya ɗauki 'ya'yan, amma an hana shi haɗawa da uwar. An ba da izini, an kuma sa masa iyaka, domin baɗi ma a sami tsuntsu. Izinin da za a iya karewa a birni irin wannan ne. Inda rai yake cikin haɗari, kamar a filin jirgin sama, hukumar da za a iya tuhumarta ta rage tsuntsaye gwargwadon bukata, bayan ta gwada kora da lalata ƙwai. Sakin bindiga a hannun kowa a unguwa mai cunkoso kamar Agege ko Idumota kuwa ba farauta ba ce, gama harsashin da ya kuskure tattabara ba ya tsayawa a iska. Guba ta fi muni, domin ba ta tambayar sunan wanda ya ci: kaza, kyanwa, ko yaron da ya tsinci tsuntsu ya gasa.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Yaron da ya fito da danƙo ya cancanci a tambaye shi ko ci zai yi, ko kuwa so yake kawai ya ga abu ya faɗo. Amsar tana nuna abin da ake renowa a zuciyarsa, ta kuma fi tsuntsun da ya faɗo muhimmanci.

Masu kula da filayen jirage sun san cewa yawancin aikin ba na harbi ba ne. Gyaran ciyawa ne, da janye ruwan da ya kwanta, da hana zubar da shara. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya tana ba da shawarar a sa ido a kan duk abin da ke jawo tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga fili. Mayankar Oko-Oba da jujin Olusosun na Ojota, inda aka yi shekaru ana jibge sharar Legas, duka biyu suna cikin wannan tazara daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja.