Lambobin da Ke Cikin Wayarka, Naka Ne?

'Yan'uwa, idan damina ta kama, manomi a Rogo ko Ƙaraye yakan rasa kuɗin taki. Sai ɗansa ya sauke manhajar ba da rance a wayar salula. Kafin kuɗi su shigo, manhajar takan nemi izinin duba sunaye da lambobin da ke cikin wayar. Yaro ya danna, bai ko karanta ba.

To, abin da ya bayar ɗin nan, nasa ne? Wayar dai tasa ce. Amma kawunsa da surukarsa da katikis ba su ba shi lambobinsu domin ya jinginar ba. Ran da ya makara da biya, su ne wasu masu rancen ke aika wa saƙo cewa wane ɓarawo ne. Bashin 'yan dubbai ya zama tonon asiri a gaban dangi.

Babban alhakin yana wuyan mai cin mutuncin, ban musa ba, kuma talauci ba zunubi ba ne. Duk da haka, wanda ya jinginar da gonar ɗan'uwansa ba da saninsa ba, ba mu wanke shi domin yana cikin matsi. A ganina, amanar suna ba ta gaza ta gona ba.

A Maris 2022, FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas. Daga ƙarshen Mayu 2023 kuma, Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store leƙa lambobi da hotuna. Sai dai manhajar da aboki ya turo ta WhatsApp ba ta wannan ƙofa take shigowa ba.