Wa za a adana wa?

Kakana ya tafi Kumasi fataucin goro, can ya rasu. Bara wata jikarsa, haifaffiyar Zango, ta zo mana Gazawa ita da mahaifiyarta. Da ta ce "Inna ya gaji", duk munka kwashe da dariya, har ni mai karatun kimiyyar harshe. Daga nan ba ta ƙara magana ba sai da Ingilishi.

Abin ya tsaya mini a rai. Hausar Gana ba ta bambanta mace da namiji, amma da ita ƴan Zango sunka riƙe juna har bayan korar baƙi ta 1969, zamanin Busiya. Yau ana ta zancen adana tsoffin unguwannin baƙi, daga Sabon Zangon Akara da Malam Bako ya kafa har unguwar Sinawa ta San Faransisko. To, wa za a adana wa? In duk yaron da ya taɓa gado sai mun buge hannunsa, gini zai saura, magaji ya gudu.

Na ga haƙƙinta na kanmu, na kira ta a WhatsApp na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komi, Inna yana gaishe ka."