Sanyin Ɗakinka, Zafin Wa?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Gumel ko Maigatari ya san abin ba wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kwano ya gasa ɗaki, dare na yi kowa ya jawo tabarma tsakar gida. Don haka ni ban ga laifin ɗan hayar da Allah Ya hore wa ya sayo esi ba, irin ta taga ɗin nan.

Batun fasa bango tsakaninsa da mai gidan ne. In ya nemi izini, ya yi alkawarin toshewa ranar tashi, shi ke nan.

Ni maƙwabta nake ji. Ita fa esi ba kashe zafi take yi ba, kwaso shi take daga ɗaki ta huro waje ta bayanta, ga ruwa na ɗiga. To a gidan haya ina bayan nan yake kallo? Tsakar gida mana, daidai inda matar ɗakin kusa ke yi wa 'ya'yanta shimfiɗa. Sannan ga mita ɗaya, wata ya ƙare a raba kuɗin wuta ɗaki-ɗaki, alhali esi guda na shan wutar fanka fiye da 10. Mai fanka ɗaya tal, ƙila ma bazawara ce mai tuyar ƙosai, ita ke cika masa kuɗin sanyin.

Wata za ta ce ai kuɗinsa ne, ɗakinsa ne. Ɗaki dai ya kama haya 'yar'uwa, ban ji an ce har da iskar tsakar gida ba. In ya zama dole, ga tagar da ke kallon lungu, ya kuma nemi a ware masa mitarsa daban.